Gem ɗin da ya yi barci: a kulle shi ko a ba da kiwo?

1/
Bloody Roar na ƙarshe ya fito a 2003. God Hand ya fito a 2006, har yau babu na biyu. Def Jam na faɗa, tun Icon na 2007 shiru kake ji. Kamfanonin da suka mallake su suna nan daram suna cin kasuwa. Sun dai kulle sunayen a sito, su ba su yi ba, ba su bar wani ya yi ba. Zare 🧵

2/
Ga matsayina tun farko, don wanda datarsa ba za ta kai shi ƙarshe ba: eh, ya kamata su ba wasu maƙera gem na waje lasisi su farfaɗo da su. Amma da sharaɗi, irin yadda ake ba da akuya kiwo a ƙauye. Zan zo kan wannan, ku biyo ni a hankali.

3/
Ni ɗan Kajiji ne, ƙaramar hukumar Shagari, kan hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal. Ina aji uku a jami'a, kimiyyar kwamfuta nake karantawa, da dare kuma ina koyon haɗa gem da Godot a wata tsohuwar laftof. Na faɗi haka ne don ku san wagga magana ta shafe ni kai tsaye.

4/
PS2 ta fito a 2000, kafin a haife ni. Amma duniya ta koma PS3, ta koma PS4, mu muna nan kan PS2 a gidan gem. Janareta na kuka, fad ɗaya an ɗaure shi da roba, wanda aka ci ya tashi ya ba na baya. Wasannin da Turawa ke kira tsofaffi, su ne yarintarmu.

5/
Downhill Domination, inda kake tseren keke kana kai wa na kusa da kai naushi. God Hand da ya sa yara da yawa jefar da fad. Def Jam Fight for NY. Sai Bloody Roar, da wani ƙato mai suna Gado da ke rikiɗa ya zama zaki. Mun sha yin gardama a kan wai Bahaushe ne 😂

6/
Yanzu ka tambayi ƙanena ɗan shekara 13. Free Fire ya sani, PUBG, Call of Duty na waya, eFootball. Na ce masa Bloody Roar, ya ce fim ɗin Indiya ne? Tsakanina da shi shekara 9 kacal, amma sunan ya riga ya ɓace a tsakani. Nan ne lissafin kamfanonin ya fara karkacewa.

7/
Su a ganinsu ajiya maganin wata rana. Kuma manomi ya san gona in aka bar ta ta huta shekara 2 ko 3, ƙarfi take ƙarawa. Amma bar ta shekara 20 ka gani. Daji za ta koma, sabara ta cinye ta, dattawan da suka san iyakarta su rasu, ranar da ka dawo sai ka sake sara daga farko.

8/
Darajar sunan gem tana cikin kan waɗanda suka buga shi ne. Mu kuma girma muke yi. Wasu sun yi aure, wasu na kasuwa daga safe zuwa dare. Duk shekarar da ta wuce, masu iya ciro kuɗi don sun ji an ce "Bloody Roar ya dawo" raguwa suke yi, kuma babu sababbi da ke maye gurbinsu.

9/
A 2023 wata cibiya a Amurka mai suna Video Game History Foundation ta fitar da bincike: kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a iya sayensu sababbi yanzu. Ko kana da kuɗin, ko kana son bin halaliya, babu inda za ka kai kuɗin.

10/
To mi muke yi? Kowa ya sani. PPSSPP, AetherSX2, a tura maka fayil ta Xender, ko mai cajin waya ya zuba maka a memori ka ba shi na goro. Ban ce daidai ba ne. Abin da nake nunawa shi ne masu son kayan suna nan, kuɗi na zagayawa a kansu, mai kayan kuma ko kwabo bai gani.

11/
Za ka ce to su yi da kansu mana. Matsalar kuɗi ce. A shari'ar da aka yi a Amurka a 2023 kan sayen Activision da Microsoft ta yi, takardun Sony sun tona cewa The Last of Us Part II ya ci dala miliyan 220, Horizon Forbidden West kuma dala miliyan 212. Gem ɗaya ɗaya fa.

12/
Kamfanin da ke zuba ɗaruruwan ma'aikata shekara 5 a kan gem guda ba zai ɗauke su ya ce ku je ku yi tseren keke ba. Dole abin da zai yi ya sayar da miliyoyi masu yawa kafin uwar kuɗi ta dawo. Wasan da zai sayar da miliyan 1 ko 2, a wurinsu ɓata lokaci ne.

13/
Amma wannan miliyan 1 ɗin, ga ƙaramin kamfani mai mutum 20 ko 30, arziki ne na shekaru. Abin da ya yi wa babba kaɗan ya ishi ƙarami har da saura. Kaya na hannun wanda ba shi da lokacinsu, mai lokaci da sha'awa kuma ba shi da izini. Mu a ƙauye mun daɗe da warware irin wanga.

14/
Kakata, Inna muke ce mata, tana da jajayen awaki irin namu na Sakkwato, amma ƙarfin nemo musu ciyawa ya ƙare mata. Ba ta sayar ba, ba ta kuma ɗaure su a turke su rame ba. Kiwo take bayarwa. Uwar akuya tana nan tata, in ta haihu a raba 'ya'yan da mai kiwo yadda aka yi alkawari.

15/
Na lura da abu huɗu da take yi. Na ɗaya, ba kowa take ba ba, sai matar da ta ga yadda take riƙon nata dabbobin. Na biyu, tana faɗa mata halin akuyar, abin da take ci da ciwon da ta taɓa yi. Na uku, takan aika a dubo lokaci lokaci. Na huɗu, rabo a fili yake tun ranar farko.

16/
Wata rana na tambaye ta, na ce Inna ba ki tsoron a kashe miki ita? Ta ce, "Kai yaro, wadda ke ɗaure nan gida ba ta mutuwa?" Ku riƙe abubuwan nan huɗu: zaɓen mai kiwo, miƙa masa ilimin kayan, dubawa, da rabo na adalci. Da su za mu auna misalan da ke tafe.

17/
Mu fara da Sega, don su suka fi kowa gane karatun. Wani saurayi ɗan Ostareliya, Christian Whitehead, masoyin Sonic ne da ke haɗa nasa a ɗaki. A 2009 ya nuna bidiyon Sonic CD na tafiya a iPhone da injin da ya rubuta da kansa. Maimakon lauya, Sega aiki ta ba shi.

18/
Ƙarshen wannan hanya shi ne Sonic Mania na 2017, wanda Whitehead ya jagoranta tare da ƙananan kamfanoni biyu, Headcannon da PagodaWest. Masu sharhi suka ce an yi shekaru ba a ga Sonic mai kyau kamarsa ba. Masoya ne suka tuna wa mai kaya yadda kayansa yake.

19/
Sai Streets of Rage. Na uku ya fito a 1994, daga nan barci na shekara 26. Kamfanonin Faransa biyu, Lizardcube da Dotemu, da Guard Crush na Kanada, su suka je wurin Sega da kansu suka nema. Streets of Rage 4 ya fito a Afrilun 2020, cikin shekara guda ya wuce kwafi miliyan 2.5.

20/
Ku lura da sharaɗi na ɗaya a nan. Lizardcube ba daga sama suka faɗo ba, a 2017 sun sabunta Wonder Boy, Sega ta ga riƙonsu. Na biyu kuma, an kira Yuzo Koshiro, wanda ya yi kiɗan asali, ya sa hannu a sabon. Da abin ya yi kyau sai aka ƙara musu da Shinobi, ya fito a 2025.

21/
Nintendo, da aka sani da riƙe kayanta gam, ta ba MercurySteam na Sifen Metroid. Suka fara da Samus Returns a 2017, sannan Metroid Dread a 2021, wanda ya wuce miliyan 3, ya fi duk na baya kasuwa. Yoshio Sakamoto, tsohon hannu a Metroid, yana kansu har aka gama. Sharaɗi na uku ke nan.

22/
Baldur's Gate II ya fito a 2000. Na uku sai 2023, kuma Larian na Beljiyam suka yi shi da lasisi daga Wizards of the Coast. Shi ya ci gwarzon gem na shekara. Konami ma ta ba Bloober Team na Folan Silent Hill 2, ya fito a Oktoban 2024, ya sayar da miliyan 1 cikin kwana 3.

23/
Kar zaren nan ya zama na yabo zalla. Masu cewa kar a bayar suna da hujja, kuma mai ƙarfi ce: in mai kiwo ya yi riƙon sakainar kashi, sunan mai kaya ne ke ɓaci. Ɗan wasa ba ya duba wa ya ƙera, tambarin da ke jikin kwali yake zagi.

24/
Babban misali Zelda na Philips. Wata yarjejeniya tsakanin Nintendo da Philips ta ba Philips damar amfani da 'yan wasan Nintendo a na'urarsu CD-i. A 1993 suka fitar da Zelda guda biyu, Nintendo kusan ba ta leƙa aikin ba. Fiye da shekara 30 ke nan, har yau abin dariya ne a intanet.

25/
Na kusa da mu: GTA. Duk wanda ya zauna gidan gem ya san San Andreas da CJ. A Nuwamban 2021 aka fitar da sabunta GTA III, Vice City da San Andreas, aikin Grove Street Games. Fuskoki sun karkace, ruwan sama na toshe ido, kurakurai ko'ina. Sai da Rockstar ta fito ta ba da haƙuri.

26/
Silent Hill HD Collection na 2012 kuma labarinsa ya fi ban tausayi. An ba wani kamfani na waje aikin, amma kod ɗin da Konami ta miƙa musu ba na ƙarshe ba ne, wanda bai kammala ba ne. Suka koma gyaran kurakuran da aka riga aka gyara shekara 10 baya. Hazon da ke sa wasan ban tsoro ma ya lalace.

27/
Duba ukun nan da ma'aunin Inna. A Zelda babu dubawa. A Silent Hill ba a miƙa ilimin kayan ba. A GTA an sako aiki kasuwa bai nuna ba, kuma mai kaya ne ke da ikon cewa a dakata. Kowanne akwai sharaɗin da mai kaya da kansa ya tsallake. Hujjar a kula ce, ba ta kai hujjar a kulle ba.

28/
Kuma ku lura, Konamin da ta ƙone a 2012 ita ce ta sake bayarwa a 2024 ta ci riba. Wannan karon ta haɗa Bloober da Akira Yamaoka mai kiɗan asali da Masahiro Ito mai zanen dodannin asali. Kamfani ɗaya, suna ɗaya, bambancin yadda aka ba da kiwon ne.

29/
Yanzu sharaɗi na huɗu, wanda ya fi damuna a matsayin mai son shiga wagga sana'a: rabo. Don akwai hatsarin kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Ka kashe ƙuruciyarka kana gyara gonar wani, ranar da ta yi kyau ya ce na gode, kawo.

30/
Obsidian suka yi wa Bethesda Fallout: New Vegas a 2010, cikin kusan wata 18. Da yawa na ganin shi ne Fallout mafi kyau. An yi alkawarin ƙarin kuɗi in ya samu maki 85 a Metacritic, shafin da ke tara makin masu sharhi. Ya samu 84. Maki ɗaya, ƙarin ya tafi.

31/
Larian kuwa sun samu nasu, amma Hasbro, uwar Wizards of the Coast, ta samu kusan dala miliyan 90 daga Baldur's Gate 3 da gumin wasu. A Maris 2024 shugaban Larian, Swen Vincke, ya ce ba za su yi na huɗu ba, sun koma kan nasu. Na fahimce shi. Kayan aro ba ya rufe katara.

32/
Saboda haka ga 'yan uwana masu koyo: lasisi tsani ne. Ka hau, ka samu suna da jari da ƙwarewa, ka gina naka. Kuma kafin ka sa hannu ka karanta takarda: kaso nawa ne naka a kowane kwafi, injin da ka rubuta na waye, in an yi na gaba za a fara tuntuɓarka ko a'a.

33/
Akwai kuma wasannin da ko mai su na son bayarwa, abin ya zama gonar gado mai magada da yawa. Def Jam Fight for NY: EA ta fitar, sunan na kamfanin waƙa ne, ga fuskar Snoop Dogg, Busta Rhymes, Method Man, Fat Joe, ga waƙoƙin ciki. Kowanne sai an zauna da shi daban.

34/
Amma ko gado ana rabawa in an so. GoldenEye 007 na 1997: Nintendo ta fitar, Rare ta ƙera, Microsoft ta saye Rare a 2002, James Bond kuma na wasu ne can daban. An fi shekara 25 kafin kowa ya yarda, amma a Janairun 2023 ya dawo a Switch da Xbox.

35/
In kuma kamfani ya ƙi sam, mi ke faruwa? Mutane ba sa zama jira. Koji Igarashi, wanda ya daɗe yana jan ragamar Castlevania, ya bar Konami a 2014. A 2015 ya nemi tallafin masoya a Kickstarter, suka tara masa dala miliyan 5.5. Bloodstained ya fito a 2019, kama ɗaya, suna daban.

36/
Eric Barone, mutum ɗaya tilo, yana son Harvest Moon, gem ɗin noma, yana ganin ya daina daɗi. Ya zauna fiye da shekara 4 ya haɗa Stardew Valley, ya fito a 2016, yanzu ya wuce kwafi miliyan 40. Doka na kare suna da zane da labari, amma ba ta hana wani yin gem irin naka. Mai kullewa kasuwar yake bar wa wani.

37/
Wani abokina a hostel ya ce mini duk wannan tsohon tuwo ne ake ɗumamawa, a bar mutane su ƙirƙiro sabo. Na ce masa ai ɗumame ma da safe shi ke kai mutum gona. Ƙaramin kamfani na fama da abu ɗaya: wa zai san da shi cikin dubban wasannin da ke fita duk shekara? Sanannen suna shi ke buɗe ƙofar.

38/
Kuma ƙofar ta fara isowa Najeriya. Maliyo Games na Legas, wanda Hugo Obi ya kafa a 2012, su suka yi wa Disney gem ɗin waya na Iwájú: Rising Chef a 2024. Ba tsohon suna ba ne, amma ya nuna katafaren kamfanin Amurka zai iya miƙa kayansa ga 'yan Najeriya, aiki ya fito.

39/
Ku yi tunanin Downhill Domination na waya, mara nauyi, da zai tafi a Tecno da itel, a biya da naira, ba sai da katin dala ba. Wa ya fi sanin wagga kasuwa, wanda ke zaune a Tokyo ko wanda ya taso yana tura gem ta Xender? Kasuwar da suke ganin ba ta kai a tanka ba, mu ita muka sani ciki da waje.

40/
Sai dai kafin mu yi ta nuna Japan da yatsa, mu waiwayo gida, don mu ma muna da namu da ke barci. 'Yan kudu sun riga sun gwada. Living in Bondage na Kenneth Nnebue ya fito a 1992. Charles Okpaleke ya sayi haƙƙinsa a 2015, Ramsey Nouah ya ba da umarnin ci gabansa a 2019, ya ci gwarzon fim a AMVCA.

41/
Su ma sun ga ɗaya gefen: Glamour Girls na 2022 ya sha suka sosai. Darasi ɗaya ne da na gem. Mu kuma a arewa, fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, 1976, ɓacewa ya yi shekaru, sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiya. A Jamus aka gyara shi, aka nuna a bikin fina-finan Berlin na 2018.

42/
Wato shekara 40 kaya na kwance, da ƙura ta ƙarasa shi da shi ke nan. Waɗanda suka cece shi ba su suka yi shi ba, na waje ne da aka bari suka taɓa. Kasusuwan bidiyon Kannywood na farkon 2000 nawa ne ke ruɓewa yanzu haka a kwali, masu su sun bar harkar?

43/
Sai littattafai. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, aku na jero labari bayan labari don ya hana ɗan sarki fita: tsarin gem ne a shirye, kowane labari mataki guda. Ganɗoki na Bello Kagara da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa kuwa faɗa ne da tafiya daga farko har ƙarshe.

44/
Imam ya rasu a 1981, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya na kare rubutu har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Ma'ana ba wanda zai tashi kawai ya ɗauka, sai da izinin masu haƙƙi. Haka ya kamata. Roƙona shi ne in yaro ya zo da aiki mai kyau a hannu, a saurare shi, a gindaya masa sharaɗi.

45/
Abin da ke ƙara mini ƙarfin gwiwa: Imam kansa ya ɗebo iri daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Indiya da na Turai, ya shuka a ƙasar Hausa har ya zama namu. Iliya ma asalinsa jarumin tatsuniyar Rasha ne. Adabin da muke taƙama da shi, hannu na biyu da na uku ne suka rene shi.

46/
Darasin da na ɗauka daga Whitehead da Lizardcube shi ne ba su je da baki kawai ba, sun je da abin nunawa. Don haka hutun nan na sa wa kaina aiki: mataki ɗaya tak, minti 10 na wasa, da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, wadda ta kowa ce ba sai da izini ba. In ya yi kyau, da shi zan ƙwanƙwasa ƙofar masu littafi.

47/
Kod zan iya, zane ne da sauti suka fi ƙarfina. In kana zane a waya ko kwamfuta, ko kana iya naɗar kalangu da kuntigi da tsabta, musamman in kana Sakkwato, Bodinga, Yabo ko Shagari, turo saƙo. Babu kuɗi yanzu, amma rabo za mu rubuta shi tun ranar farko.

48/
Sauran ku kuma ku faɗa mini a ƙasa: wane gem ne na gidan gem kuke so a tayar, kuma wane kamfani za ku ba kiwonsa? Ni dai a ba ni Bloody Roar a hannun masu Guilty Gear. Wanda ya ce God Hand, ya fara faɗa mana ko ya taɓa gama shi 😅